Dodon da Ba a Ƙarasa Kashewa Ba

Akwai maganar da ke yawo a layin masu kujeru, wai ɗan goggona Dodo ya haɗiye mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa, har da injin askin da tawul ɗin kafaɗarsa. Masu faɗa kuma suna da hujja. Mai askin ya ɓace rana tsaka ba sallama, sannan duk wanda ya matsa kusa da Dodo yakan ji wani abu yana ƙugi a ƙirjinsa, kamar mutumin yana can ciki yana ci gaba da sana'arsa. Wata mai sayar da labule ta rantse har muryarsa ta ji yana tambaya, "A rage gemun ko a bar shi?"

Ƙarya ce, jama'a. Mai askin yana nan da ransa, shago kawai ya sauya ya koma bayan tashar mota, kuma har yanzu yana yankan mutane a kunne kamar yadda ya saba. Abin da ke ƙugi a ƙirjin Dodo waya ce. A aljihun gaban riga yake ajiye ta, ya kashe mata kuka ya bar mata rawar jiki, domin ƙarar guduma ba ta barinsa ya ji kira, shi kuwa akwai kiran da ya fi son ya sare yatsa da ya wuce shi.

Amma ban ga laifin masu tsegumin ba. Mutum ne da in ya tsaya a ƙofar shago sai masu aiki a ciki su kunna fitila. In ya yi sallama, gilashin taga ne ke fara amsawa kafin masu gida. Goggo ta ce ranar da aka haife shi, kukansa na farko ya sa ungozoma ta saki kwano ta nemi ƙofa. Sunan yankansa kuwa yana nan a katin shaidarsa, shi ma in an kira shi da shi sai ya waiga ya ga da wa ake.

Kakarmu Iya ce ta laƙaba masa Dodo. Iya gwanar tatsuniya ce, sai dai numfashinta gajere ne, ba ta iya sauya murya ba tare da tari ya sarƙe ta ba. Sai ta yi dabara ta raba mana mutanen tatsuniya, mu jikokinta, kamar yadda ake raba gado. Ita za ta zauna a tsakiyar doguwar kujerarta, inda ya lotsa daidai jikinta, ta riƙa jan zaren labari, in an zo kan wani sai ta nuna mai shi da haɓa ya yi maganarsa. Yayar Dodo, wadda kowa ke kira Yaya, ita ce tsohuwar bakin rafi mai cewa a cuɗa mata baya, ta saka wa mai ladabi ta tsine wa marar kunya. Wani ɗan baffanmu ya samu Sarki, aikinsa kawai ya ce "na ba ka rabin gari", yau shi ne maigadi a gidan sayar da fenti, kuma ko rabin bencinsa ba ya ba kowa. Ni aka ba ni Kura, wai don an taɓa kama ni da hannu a tukunya, sau ɗaya tak, ko sau biyu. Auta kuwa ba a ba kowa ya riƙe, duk wanda ya fi ƙanƙanta a ɗakin shi ne Auta, ko da majina yake ja. Auta ba ya bukatar wayo ko ƙarfi. Ya gaida tsohuwa, ya karɓi abin da ta ba shi, ya tafi inda manya suka gudu, shi ke nan.

Wanda Iya ta ba matsayi ya riƙe shi ke nan har kabari. Dodo ya taɓa gwada ɗaukaka ƙara yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Ya ce, "Iya, yau ni ne Auta."

Iya ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "To wa zai haɗiye ka? Ina cikin da zai ɗauke ka?"

Ya fashe da kuka, kukan ya sa ƙananan suka ɓuya a bayan kujera, wato ya ƙara tabbatar da hukuncin. Iya ta jawo shi ta share masa fuska da gefen zaninta. Ta ce, "Kai ake jira, sakarai. In ba ka fito ba duk gyangyaɗi suke yi."

Ga yadda ake yi. Kafin a fara, Dodo zai cusa matashin kai a cikin rigarsa, ya cika bayan matashin da cokula da huluna da takalman yara, su ne mutanen garin da ya haɗiye. In ya gama ruri ya ƙoshi sai ya miƙe a ƙasa yana minshari. Tsohuwa ta miƙa wa Auta ludayi, Auta ya lallaɓo ya farke cikin, a riƙa zaro mutane ɗaya bayan ɗaya ana kiran sunansu: ga mai gawayi, ga malamin makaranta, ga akuyar Sarki. Shi kuma Dodo ya yi mutuwar da sai maƙwabta sun leƙo ta katanga.

Iya tana da doka guda da ba ta sassautawa: ba a tashi sai an farke cikin Dodo. Ko abinci na ƙonewa, ko baƙi na sallama a waje. Ranar da rufin ɗakinta ya fara yoyo, haka muka zauna ruwa na ɗiga a kan Sarki har aka zaro akuya ta ƙarshe. Takan ce, "Ba a barin yaro ya kwanta da dodo a raye."

Da Iya ta rasu kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, Dodo ya saɓa doguwar kujerar a ka shi kaɗai ya kai ɗakinsa. Ni dai na ce garin neman yadda zai gyara mata ƙafa ya faɗa sana'ar kujeru, shi ya ce ba haka ba ne, amma ba ya kawo wani dalilin. Ya iya aikin kuwa. Waɗannan yatsun nasa masu kama da taɓarya, in suka kama yadi suka ja shi a kan soso, ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi. Yana farke tsohuwar kujera ya sauya sifirin, ya sa sabon soso, ya ɗinke, mai ita ya zo ya wuce ta yana tambaya ina tasa. Kuma kowace kujera ya buɗe sai ya sami abin da ta haɗiye: ɗan kunne wari guda, maɓalli, mataji, safar jariri, makullin da aka yi shekaru ana zargin 'yar aiki da shi. Yakan mayar wa masu su. Wanda aka ce ba a so, ya jefa a wani babban gwangwanin madara da ke ƙarƙashin keken ɗinkinsa.

Allah ya ba shi 'ya guda ɗaya, ita ce fari ita ce auta, sunan Auta ya bi ta har uwarta ta koma Maman Auta. Yarinyar nan ta kashe ubanta da ludayi kusan kowace yamma tun tana rarrafe har ta shiga sakandare ta fara jin kunyar ƙawaye. Bayan nan ma in ta ga ya dawo a gajiye takan ɗan soke shi da cokali a ciki tana wucewa, shi kuma ya ɗan karkace ya ce "wayyo" a hankali, su ci gaba da harkarsu. Sai ta yi aure, aiki ya ɗauki mijinta zuwa wata ƙasa mai nisa, inda in muna karin kumallo su ba su gama barci ba. Can ta haifi 'yarta. Dodo ya ga jikarsa a waya, 'yar mitsila a cikin tawul, ya ce, "Wannan ai aljihuna ma ya yi mata yawa." Sunan Mitsila ya zauna.

Tun daga ranar wayar ta koma aljihun ƙirji. Ya ga haƙorin Mitsila na farko a waya, ya ga takunta na farko a waya, har ya miƙa hannu zai tare ta ya buge gwangwanin gam. Da ta fara haɗa magana sai Auta ta ce, "Baba, ka yi mata tatsuniyar Iya mana. Ga ludayi na ajiye mata, in ka kwanta sai ta taɓa fuskar wayar."

Ya yi wanka, ya sa riga mai faɗi, ya cusa matashi, ya jingina wayar da guduma a kan teburin aiki. Labari ya tafi daidai. Mitsila tana ta dariya da ya kwaikwayi Kura, wanda ban ga abin dariya a ciki ba. Aka zo kan Dodo. Ya matso da fuskarsa, ya buɗe baki ya saki rurin da ya yi shekaru yana tarawa ba mai karɓa. A daidai nan sabis ya ɗauke. Hoton ya daskare a hannun yarinyar, ba ido ba hanci, baki ne kawai da haƙora da wani jan rami. Kafin kiran ya sake shiga, Mitsila tana ƙarƙashin gado, ludayin yana tsakar ɗaki.

Daga nan ko ƙarar kiransa ta ji sai ta bar ɗakin. Auta ta ce, "Ka bar ta Baba, za ta manta." Ba ta manta ba, kuma har da hannun uwar a ciki. Auta tana aikin asibiti, ta dawo a gajiye, ba kaka ba goggo a kusa da za su karɓe ta, yarinya kuma ta ƙi cin abinci. Wata rana sun gama waya da ubanta ta manta ba ta kashe ba, ya ji ta da kunnensa tana cewa, "Ki cinye ko in kira Dodo yanzun nan." Ya ji cokali ya fara bugun kwano da sauri. Ya kashe wayar da kansa, ya mayar aljihu, ya ɗauki guduma. Maman Auta ta ce ran nan ƙusa ɗaya ya yi ta duka har ta nutse ta fasa katakon.

Haka aka ci shekara da wani abu. Auta tana turo hotuna, yana kallo da tabarau a ƙarshen hanci, yana goge fuskar wayar da gefen riga kamar ƙura ce ta hana yarinyar ganinsa. In yaran layi suka taru a ƙofar shago suna roƙo, "Dodo yi mana ruri," sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Sai ga labari, Auta za ta kawo Mitsila hutu na 'yan kwanaki. Dodo ya bar kujerun mutane a farke ya shiga ƙera wata 'yar kujera mai hannu, tsayinta bai wuce gwiwarsa ba, ya lulluɓe ta da wani yadi mai laushi ruwan zuma da ya daɗe yana ɓoyo. Ya je bayan tasha wurin mai askin da ya haɗiye, aka kwashe gemun tas. Sannan ya shiga shan zuma da ɗanyen ƙwai safe da yamma.

Maman Auta ta ce, "Malam, waƙa za ka fara da tsufanka?"

Ya ce, "Murya nake ragewa."

"Ka rage ta ka kai ta ina?"

"Tsohuwar bakin rafi zan yi. Tun da Yaya ta rasu ba mai riƙe da matsayin. Yara ba sa gudun tsohuwa."

Na ce masa Iya ba ta yarda da sauya matsayi ba. Ya ce Iya ba ta san sabis ba. Kwana da kwanaki ana jinsa a bayan shago yana gwaji, wata siririyar murya tana fitowa daga wannan ƙaton jiki kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin rijiya.

Ranar da suka iso ya zauna a ƙasa a falo don ya rage tsawo, ya yafa mayafin matarsa, ya rufe har goshi. Auta ta shigo da yarinyar a hannu, ta ga ubanta, ta cije leɓe. Mitsila ta fi yadda waya ke nuna ta ƙanƙanta, da manyan idanu irin na Iya sak. Dodo ya ji ƙirjinsa na rawa, ya dafa aljihu, ashe ba wayar ba ce.

Ya ce da siririyar muryar, "Zo nan 'yar jikata, zo ki cuɗa wa tsohuwa baya."

Mitsila ta dubi mayafin. Ta dubi hannuwan da ke riƙe da shi. Ta sauke ido kan ƙafafun da suka leƙo daga ƙasa, kowace kamar faranti. Ta matse wuyan uwarta ta ce a kunnenta, amma kowa ya ji, "Mama, Dodo ne. Ya je an goge masa murya."

Ashe cikin tatsuniyoyin Iya waɗanda Auta ta yi mata a can tun kafin ta fara tsoronsa, akwai wadda dodo ke zuwa wurin maƙeri a sirance masa murya don ya yaudari yara su buɗe ƙofa. Mu duka mun san ta, shi ya fi kowa saninta tunda shi ke yin ta, amma ɗoki ya rufe masa ido. Garin neman gira ya rasa ido. A da dodo ne kawai, yanzu ya zama dodo mai wayo.

Dodo ya miƙe. Ya ninke mayafin ya miƙa wa matarsa, ya sa takalmi ya tafi shago.

Kwanakin da suka biyo baya ya mayar da kansa baƙo a gidansa. Ya fita kafin yarinyar ta tashi, a kai masa abinci shago, ya dawo bayan ta yi barci, don ta samu ta sake ta yi wasa. Gidan ba nisa da shagon, kwanar titi ɗaya ce tsakani. Da rana yakan ce zai je sayen zare, sai a gan shi tsaye a jikin katangar gidansa ta waje, hannu a aljihu, yana sauraron dariyarta. Maman Auta ta gaya masa Mitsila ba ta rabuwa da 'yar kujerar, a kanta take ci, ita take ja har banɗaki, ta tambayi wa ya yi ta aka ce wani mai kujeru ne. Ya ce, "Kun kyauta. Kar ku gaya mata."

Ni kuwa abin nema ya samu, kullum ina gidan, don in an yi baƙi tukunya takan yi nauyi. Tun ranar farko da aka ce mata ga Kura, yarinyar nan ta cire takalminta ta hau ni da duka. Ta hau bayana, ta ja kunnena, ta kore ni daga bakin kicin. Ana gobe za su tafi, Dodo ya leƙo ta ƙofar gida da ba a rufe sosai ba, ya tarar ana jan Kura da igiyar shanya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya aika aka kira masa Auta shago.

Ta zauna a kan wata kujera da aka cire wa baya. Ya ci gaba da jan yadi bai dube ta ba. Ya ce, "Kura ma ai cin mutane take yi. Me ya sa ba ta tsoronsa?"

Auta ta yi dariya. "Baba, ai ta san ƙarshen Kura. Kullum duka take sha."

"To ni ta san ƙarshena?"

Bai jira amsarta ba, ya ƙara tambaya.

"Daga inda sabis ya ɗauke ran nan, kin ƙarasa mata?"

"Ko farkon ba ta bari in ɗauko, Baba. Da na ce dodo sai ta toshe kunne." Ta sunkuyar da kai tana murza wani guntun soso. "Ni ma kuma ban matsa ba. Ya yi mini amfani a haka."

Ya ajiye yadin. Ya ce, "Wato tun ran nan yarinyar nan take kwanciya da ni a raye." Bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin keke, ya girgiza shi. "Gobe kafin mota ta zo, ki zauna a mazaunin Iya."

Washegari da la'asar akwatuna suna jere a bakin ƙofa. Mitsila ta fito daga wanka ta tarar da Dodo a miƙe a tsakar falo, ya cika shi daga bango zuwa bango, cikinsa ya yi tozo, ido a rufe, yana minshari. Bai kira ta ba, bai yi ruri ba. Ta daskare a bakin ƙofa, ta kama zanin kakarta mace. Auta ta zauna a inda doguwar kujera ta lotsa, ta ɗauko labarin daga tsakiya kamar jiya aka tsaya: dodo ya cinye gari kaf, ya ƙoshi, barci ya kwashe shi. Manya duk sun gudu. Ta nuna ni da haɓa, na gudu bayan labule, wanda dama na iya. Saura Auta.

Mitsila ta ce, "Ke ce Auta."

Uwar ta ce, "Na girma. Wanda ya fi ƙanƙanta a ɗaki shi ne."

Maman Auta ta durƙusa, ba mayafi ba sauya murya, ta miƙa mata ludayi. Ta ce, "Ungo, 'yar nan. In ya yi barci ba ya ji ba ya gani. Nan za ki soka, saman cibiya."

Yarinyar ta yi taku biyu ta koma. Ta sake yin uku ta tsaya. Dodo yana jin tafin ƙafarta a kan leda, yana jin ƙamshin sabulun da aka yi mata wanka, bai taɓa kusantarta haka ba. Gumi ya gangaro masa cikin kunne bai motsa ba. A waje wani ya kira shi a kan kujerarsa da aka yi alkawari, ya ci gaba da minshari. Can ya ji bakin ludayi ya taɓa matashin, a hankali kamar ana gwada zafin ruwa.

Mutumin da mutuwarsa ke tara maƙwabta, ran nan ya yi 'yar ƙaramar mutuwa da ko ƙuda ba za ta kora ba. Ya ja numfashi, ya karkatar da kai gefe, ya ɗan zaro harshe.

Mitsila ta dubi uwarta. Uwar ta ce, "Ya mutu. Fito da mutane."

Ta ɗaga gefen rigar da yatsu biyu. Mataji ya faɗo. Auta ta ce, "Ga mai kitso." Makulli ya biyo, ga maigadi. Ɗan kunne, ga amaryar Sarki. Safar jariri, yarinyar da kanta ta ce, "Ga jariri, yana kuka." Ta ajiye ludayi ta sa hannu biyu, ta hau gwiwa a kan haƙarƙarinsa tana tono, tana jera mutanen gari a kan 'yar kujerarta. Da matashin ya fita ta ga sauran tudu a ƙirji, ta zura hannu a aljihu ta zaro wayar. Fuskar ta yi haske, ga Mitsila a ciki da rigar makaranta tana dariya.

Ta ce, "Mama, ni ma ina ciki." Ta juya ta leƙa fuskarsa, ta ɗaga masa fatar ido da yatsa. "Dodo, yaushe ka cinye ni?"

Na ce daga bayan labule, "Matacce ba ya magana."

Ya karya dokar. Ya ce da muryarsa ta gaskiya, ya dai rage ta iyakar iyawarsa, "Tun kina cikin tawul."

Ta yi nazari. Ta kwashe mutanen garin ta mayar cikin rigar, ta tura matashin, ta ɗauki ludayi. Ta ce, "Tashi in sake kashe ka."

Ta kashe shi har mai mota ya gaji da hon. Kowace mutuwa tana ɗan fin ta baya girma, ta ƙarshen sai da gilashin taga ya amsa, yarinyar tana zaune a kan cikinsa tana ƙyaƙyatawa. Shi ya ɗauke ta zuwa mota, ta riƙe kunnensa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ludayin da ta ƙi saki. Maman Auta ta ce a bar mata, za ta sayi wani. 'Yar kujerar ce ta ƙi shiga akwati. Ya tsaya a titi da ita a hannu har motar ta sha kwana, kuma ya daɗe bayan nan yana kallon kwanar. Yanzu tana falo a gefen kujerar Iya, yana kaɗe mata ƙura kowace safiya, ba ya bari kowa ya ɗora ko ƙafa.

Wayar tana nan a aljihun ƙirji, sai dai yanzu ta fi yawan ƙugi, shi ya sa zancen mai aski ya ƙi mutuwa. Mitsila tana tashi daga barci a can daidai lokacin da shago ya cika a nan. In ta buga, ko da wa yake ciniki sai ya ce a yi masa haƙuri, ya jingina wayar da guduma, ya yi ruri, ya miƙe a cikin guntayen soso. In sabis ya ɗauke a tsakiya haka zai kwanta yana minshari har ya dawo, ko rana za ta faɗi. Sauran yinin kuma ya yi ta dafa aljihu.

Shekaranjiya na tarar da shi a haka, wasu mata biyu da suka kawo gyara suna tsaye a kansa suna kallo. Da ya gama mutuwa ya tashi yana kakkaɓe riga na ce, "Dodo, ƙato da kai, ga furfura, kana birgima a gaban matan mutane. Ka mutu jiya, ka mutu yau, ba ka ko jin kunya?"

Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗauki gudumarsa. Ya ce, "Ni akwai mai tashi daga barci a wata duniya ta nemi ludayi don ta kashe ni. Kai kuwa Kura, ranar da ka mutu da gaske, sai an ga nama ya kwana a tukunya za a gane."